Shekarar da Gwadabe Ya Rataye Zabira

A Sa'alaba, unguwar nan ta kudancin Jidda inda gidaje suka tsufa har suna jingina da juna, duk wanda ya ce maka bai san Gwadabe wanzami ba, to baƙo ne, bai kwana biyu ba. Sarkin Aska ake ce masa. Ba wanda ya naɗa shi, tsokanar abokai ce ta bi shi har ta zama suna, shi kuwa bai taɓa cewa a bari ba. A shekarar da ake zancenta, Sarkin Aska ya rataye zabirarsa a ƙusa bayan ƙofa, jakar fatar nan da wanzamai ke zuba asake da ƙaho a ciki, ya bar gumin teku yana cin ta. Ga kuma 'yarsa tilo, Lubabatu, da tsohon ciki. A zuriyarsu kuwa, tun kakan kakansa a Rano, ba a taɓa haihuwar jaririn da hannun bare ya yi wa askin suna ba. Wannan shi ya hana matarsa Zubaidatu sakat, shi ma ya hana shi, sai dai shi ba ya faɗa.

Aikin hajji ya kawo shi, a shekarar saba'in da bakwai, yana saurayi siriri, da zabirar da ubansa ya rataya masa a filin jirgin Kano, wai ko a samu na goro a hanya. Ranar jifan farko a Mina ya ga abin da bai taɓa gani ba. Maza ne zazzaune a kan duwatsu da gindin tantuna, baƙaƙe da farare da jajaye, kowa ya sunkuyar da kai yana jiran aska, kowa fuskarsa a sake don ya ga ƙarshen wahala. Gwadabe ya tsuguna ya kwance zabira, bai miƙe ba sai la'asar sakaliya. Wani ya kama hannunsa ya sumbata, wani ya yi masa doguwar addu'a da harshen da har yau bai san na wace ƙasa ba ne. Da jirgin alhazan Kano ya tashi, kujerarsa ba kowa a kai.

Abin da ya biyo baya kowa a unguwar ya san irinsa, don kusan kowa ya ɗanɗana. Shekarun raɓe-raɓe, kujera guda a inuwar katanga, ɓallin madubi rataye da zare, kunne kullum yana sauraron motar 'yan baladiyya, ma'aikatan hukumar gari masu kame. A cikin wannan hali ya auri Zubaidatu mai sayar da masa a bakin masallaci, macen da bakinta ya fi askarsa kaifi, kuma ita ta fara faɗin haka da kanta. Sa'arsa ta zo ne ranar da motar wani attajirin katako mai suna Abdulghani ta mutu daidai bakin lungun. Kafin a nemo makaniki mutumin ya zauna a kujerar a gyara masa fuska, ba don yana bukata ba, don dai inuwa. Aska ba ta kai haɓa ba ya yi barci. Da ya farka ya daɗe yana kallon Gwadabe, sannan ya ce rabonsa da irin wannan barci tun mahaifiyarsa tana da rai. Shi ya zama kafilinsa, mai tsaya masa a wurin hukuma, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama, ya kama masa ɗan shago mai kujera biyu, kuma daga ranar ba wata aska da ta sake hawa fuskarsa sai ta Gwadabe.

Hannun Gwadabe ke nan. Mutum zai shigo yana huci, kafili ya ɓata masa rai ko takarda ta ƙi fitowa, Gwadabe ya ɗora masa tafin hagu a tsakiyar kai, sai ka ga kafaɗu sun sauka. Masu ganin aski ƙaramar sana'a ce ba su taɓa tsayawa sun yi tunani ba. Ina kuma wani wurin da namiji mai hankali zai miƙa maƙogwaronsa ga mai riƙe da kaifi, ya rufe ido? Idan ya gama yakan karkaɗe ƙyalle ya ce "Na'iman," kamar yadda mutanen garin ke ce wa wanda ya fito daga aski ko wanka, fatan ya ji daɗinsa. Kalmar ta zauna masa a baki har ba ya sanin ya faɗe ta. Zubaidatu ta rantse ta taɓa ji ya faɗa wa ragon layya bayan an feɗe shi.

Da tsufa ya zo wa Abdulghani bai zo shi kaɗai ba, ya taho da shanyewar ɓarin jiki. 'Ya'yansa suka ce za a kai shi asibiti a Jamus, tsoho ya ce da karkataccen bakinsa ba inda za shi sai da wanzaminsa. Haka Gwadabe ya tsinci kansa a ƙasar da rana ke fitowa kamar an tilasta mata, yana tura keken marasa lafiya a kan titunan da ko ƙwallon dabino ba ka gani a yashe. Asibitin ya haɗa su da tafinta, wani ɗan Sudan mai sanyin murya, Othman. Ranar da likita ya ba da hutu tsoho ya ce ya gaji da kallon silin, Othman ya ce akwai wani gidan tarihi a bayan gari da ya kamata duk wanda ya zo ƙasar ya gani. A mota ya yi ta bayani, amma Gwadabe yana baya, ɗumi ya ɗauke shi, sai gyangyaɗi yake yi. Gidan tarihi kawai ya ji, ya ƙiyasta takubba da tukwanen mutanen da.

Hazo mai laima ya rufe wurin. Fili ne shimfiɗe da tsakuwa, ido ba ya kai ƙarshensa, dogayen bishiyoyi sun yi sahu kamar masu jiran liman, ƙafar keken tana ta nutsewa. A cikin dogon ginin mutane suna tafiya a hankali, ba mai magana, sai ƙarar takalma. Bango duk hotuna ne marasa launi da rubutun da ba ya iya karantawa. Othman ya karɓi keken ya tsaya yana fassara wa tsoho wani allo, Gwadabe ya yi gaba shi kaɗai, hannuwansa a baya.

A nan ya gan su. Hoto ne babba, ya kai tsayin mutum. Maza a jere kan benci, kawuna a sunkuye, wasu an aske su ƙwal, wasu suna jira, gashi tuli a ƙasa. A bayansu wani siriri ya duƙa a kan mutum guda da injin aski na hannu. Gwadabe ya ji wani ɗumi ya taso masa daga ƙirji, don tun zuwansa ƙasar bai ga abin da ya sani ba sai yau. Ga Mina a bangon Turawa, ga masu jira, ga ɗan'uwansa a sana'a. Ya matsa kusa yana murmushi, har ya lura aikin na gaggawa ne, an bar tsibi-tsibi a ƙeya, ya yi wa mai askin uzuri, ai ranar cunkoso kowa haka yake yi. Sai bakinsa ya yi abin da ya saba.

"Na'iman," ya ce, da ƙarfi kuma, yadda yake faɗa a shago don a ji shi duk da ƙarar fanka.

Kalmar ta zaga ɗakin ta dawo. Wata tsohuwar Baturiya ta juyo ta dube shi, ba da fushi ba, ta dai dube shi. Othman ya turo keken da sauri ya dafa kafaɗarsa.

"Ya Hajji, ka san ko su wane ne waɗannan?"

"Ba masu ibada ba ne? Na ga kamar sun gama wani aiki ne."

"Ba su gama ba, ranar suka fara." Othman ya ƙara rage murya. "Nan sansani ne na zamanin 'yan Nazi. Yahudawa, da masu adawa da mulkin, da limaman coci, da duk wanda aka ga dama, nan ake kawo su. A tuɓe mutum, a karɓe kayansa, a karɓe sunansa a ba shi lamba, sannan a aske shi. Da yawansu ba su fita da ƙafarsu ba."

"Shi mai askin fa? Soja ne?"

"Dubi kansa."

Gwadabe ya duba. Shi ma an aske shi, riga mai ratsi-ratsi ta yi masa yawa. Fuskarsa ba ta fito ba don ya duƙa, amma hannunsa na hagu ya fito sarai, shi Gwadabe ya tsaya kallo. Babban yatsan mutumin yana bayan kunnen wanda yake yi wa aski, ya lanƙwasa kunnen ƙasa a hankali don kada injin ya kama shi. Haka uban Gwadabe ya koya masa a Rano tun kafin a bar shi ya taɓa kan mutum. A irin wannan ɗaki, a irin wannan rana, mutumin bai manta da kunne ba.

"Yaya sunansa?"

"Ba a rubuta ba," in ji Othman.

Sun zaga sauran wurin, ya ga abin da ya gani, ya roƙi Allah kada ya sake nuna masa irinsa. Amma da suka koma mota ba abin da ke gaban idonsa sai yatsan nan. Abdulghani ya jingina kai da gilashi, yawu yana bin gefen bakinsa, Gwadabe yana goge masa. Washegari ya haɗa kumfa zai yi masa gyaran fuska, ya ɗaga aska, hannun ya ƙi tsayawa. Suka ce sanyin ƙasar ne.

Suka dawo Jidda inda ko ƙarfe gumi yake yi, hannun bai bari ba. Ba ya rawa in zai ɗauki kofin shayi, ba ya rawa in zai zura zare a allura, don Zubaidatu ta sa shi ya zura a gabanta ta gani. Sai ya ɗora tafi a kan mutum ya ɗauki aska, sannan abin ke tashi. Yakan dubi wuyan da aka miƙo masa, zuciyarsa ta tambaye shi ko da son ran mai shi aka miƙo. Ga kunya tana cin sa, ta kalmar da ya jefa wa mutanen da ake shirin hallakawa. Ya bar shagon a hannun Na'ibi, wani wanzami ɗan Maraɗi da ke riƙe da kujera ta biyu, ya dawo gida ya zauna.

Da rana tsaka, sa'ad da gari ke narkewa, teku ta turo farin tururinta cikin lunguna, yakan kishingiɗa a gindin taga tsakanin barci da ido biyu. Sai bencin hoton nan ya zo masa. Yakan faro daga ƙofar shagonsa, ya bi lungu, ya wuce masallaci, ya wuce rumbunan kaya na Khumra, ya shiga ruwa bai ƙare ba. Mutanen suna zaune a kai, ba sa magana, ba sa fushi da shi, wasu ma sukan janye ƙafa ya wuce. Can ƙarshe siririn nan yana aiki, ya ba shi baya. Gwadabe yakan yi ta tafiya, ruwan ɗumi har gwiwa, yana so ya ga fuskarsa, ya tambaye shi wa ya koya masa, da abin da yake raɗa wa mutanen in ya duƙa, don ba wanzamin da ke aski bakinsa a rufe. Kullum kafin ya kai sai a kira la'asar.

Zubaidatu ta gwada rubutu, ta gwada man habbatus sauda, ta gwada zamzam. Da duk suka ƙi sai ta koma ga abin da ta fi ƙwarewa a kai.

"Malam, mutanen nan ba danginka ba ne, ba addininku ɗaya ba, sun mutu tun ba a haife ka ba. Kai ka aske su?"

"Ba ni ba ne."

"To me ya yi zafi?"

"Da can aka haife ni, da ni ne. In suka ce waye wanzami a cikinku, ai da na ɗaga hannu."

Ta tattara kwalabenta ta fice ta bar masa kalmar ƙarshe, abin da maƙwabta ba su saba gani ba.

Lubabatu ita ma ta zo, tana tafe tana dafa bango. A Jidda aka haife ta, Hausarta kullum da Larabci a gefe, in ranta ya ɓaci kuwa Larabcin ke yin gaba.

"Baba, haram alaik. Min zaman kake ce mini ɗana kai za ka aske shi, tun ina wasan 'yar tsana. Yanzu ya kusa zuwa ka ce ba ka iyawa? Ma abgha Na'ibi, ba na son shi, kai nake so."

"Allah dai ya sauke ki lafiya tukuna."

"Khalas, ka yi alkawari."

Bai yi ba, amma bai iya cewa bai yi ba.

Can gidan Abdulghani kuwa ana fama. Tsoho ya hana kowa taɓa shi, gemu ya fito ya baje kamar tsohuwar tsintsiya. 'Ya'yansa, masu jin kunyar baƙi, suka ɗauko masa wani mai aski daga babban shago, da jakarsa da turarukansa, tsoho ya jefe shi da takalmi da hannunsa mai lafiya. Kowace Juma'a direba yakan leƙo Sa'alaba ya ce Ammi, kamar yadda suke kiran tsohon, yana gaisuwa, yana jira.

Lubabatu ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna aka shimfiɗa tabarmi a lungu tun da sassafe, aka raba goro da dabino, liman ya raɗa wa yaro Jabiru. Zubaidatu da kanta ta sauko da zabira, ta goge ta, ta aiko aka ajiye ta a gaban mijinta a tsakiyar maza. Ya zaro askar ubansa, wadda ba ya fito da ita sai don askin suna, ya shiga wasa ta a kan fata, yana ja yana dawowa, ya wuce inda ta yi kaifi bai tsaya ba. Kowa ya gane jinkiri yake yi, kowa ya kau da kai.

Sai aka ga jama'a suna darewa a bakin lungu. Mota ba ta shiga, don haka direba ne ke turo keken, Abdulghani a kai, gemu har ƙirji.

"Ya Sarkin Aska," in ji shi, don Hausar da ya iya ke nan duka, sauran da Larabcinsa mai nauyi ya faɗa. "An ce mini yau za ka gwada hannunka a kan ɗan kwana bakwai. Aib. Gwada a nan. In za ta yanka ta yanki tsoho, fatata ta gama aikinta."

Ya ɗaga haɓa da ƙyar, ya miƙo wuya, ya rufe ido a gaban kowa.

Gwadabe ya ji idonsa ya cika. Ya rage gemun ɓangaren dama da almakashi, ya shafa kumfa, ya ɗora aska. Hannun ya yi rawa, ya dakata, ya ja. Ja na farko ya tafi sumul, na biyu ma haka. Lungu ya yi tsit, har ana jin kukan tantabaru a saman rufi. Kunci ya fito fes, Gwadabe ya fara jin kamar daga doguwar tafiya yake dawowa. Ya gangaro ƙarƙashin muƙamuƙi, a nan hannun ya zille. Wani siririn jini ya ratsa farar kumfa. Ba wani yanka ba ne, da ya ɗora alif ya tsaya, amma shi ne na farko tun da ya fara riƙe aska a ƙasar.

Tsoho ya buɗe ido ɗaya. "Wala shai, ba komai. Yalla, ƙarasa."

Gwadabe ya sauke askar. Ya dubi yankan, ya dubi jaririn da wata tsohuwa ta fito da shi naɗe a zani, ya ga maɗigarsa tana bugawa a hankali ƙarƙashin lallausan gashi. Ya goge askar a ƙyalle, ya juya ta, ya miƙa ƙotar.

"Na'ibi, zo."

"Pardon, Baba, ni? Da askar gidanku?"

"Kai."

Daga bayan labule aka ji kukan Lubabatu, aka ji muryar Zubaidatu ta taso, sai kuma ta yanke. Gwadabe ya zauna ya karɓi jikansa a cinya, ya tallafi kan da tafukansa biyu, ko gezau ba su yi ba. Na'ibi ya tsuguna yana aiki yana gumi. Da ya rage ɗan gashin gaba sai ya tsaya, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda su biyu kawai za su ji.

"Saura gaban goshi, Baba. Ko sau ɗaya ka ja, a ce kai ka yi."

Gwadabe ya so hakan, ya so shi har bakinsa ya yi ɗaci. Ya daɗe yana kallon ƙotar askar ubansa a hannun ɗan Maraɗi.

"Ƙarasa, ɗana. Ammi shi ya miƙo mini kansa. Wannan miƙo shi aka yi."

Da aka gama, Na'ibi ya matsa da ladabi zai ƙarasa wa Abdulghani ɗaya ɓangaren, tsoho ya kai hannu ga takalminsa, Na'ibi ya ja da baya. Haka aka tura shi ya fita daga lungun, kunci ɗaya fes, ɗaya cunkus, ba wanda ya yi dariya sai shi.

Gwadabe bai sake riƙe aska ba. Yakan zauna a ƙofar shago da butar shayi, masu shiga su gaishe da Sarkin Aska, ya amsa. Abdulghani ya ƙara 'yan watanni a duniya, bai bar kowa ya taɓa fuskarsa ba, gefen da aka aske ya sake tsirowa amma bai kamo ɗan'uwansa ba. Da ya rasu, babban ɗansa ya aiko a kira Gwadabe cikin masu wanka, ya kuma tambaye shi a kunyace ko za a ɗan daidaita gemun kafin a rufe. Gwadabe ya taje shi da yatsu, dogon gefen da gajeren, ya ce a bar masa abinsa, sannan ya jawo likkafani.